Daga Haraji zuwa Takin Zamani: Yadda Ƙuri'ar Kudancin Jigawa ta Sauya

A zaɓen 1979, Birnin Kudu da Gwaram suna cikin tsohuwar Jihar Kano, inda jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kafa gwamnati. A shekarar ce aka zaɓi Sule Lamido na Bamaina zuwa Majalisar Wakilai, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali. Talaka ya yi zaɓe ne domin a sauke masa nauyin da hakimai da dagatai suke karɓa daga hannunsa.

Nasarar nan ita ce ta rage wa siyasar neman sauyi kaifi. Da haraji ya kau, ikon sarakuna kuma ya ragu tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai abin faɗan ya koma baitulmali: wa zai kawo taki, hanya da aikin gwamnati?

Bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991, mulki ya yi ta sauya hannu: Ali Sa'ad Birnin Kudu a SDP, Saminu Turaki a APP, Lamido a PDP daga 2007. Tun guguwar Buhari ta 2015 kuwa, kujerar gwamna ba ta bar APC ba, ko a 2023 da ɗan Lamido, Mustapha, ya nema.

Manomin da takinsa ke hannun gwamnati yakan yi dogon tunani kafin ya juya mata baya. Riƙon nasa na neman abinci ne kafin ya zama na aƙida.