Gidajen Gilashi a Hamadar Kalifoniya

A shekarar 1957 kamfanin Alexander ya buɗe unguwar Twin Palms a garin Palm Springs, cikin hamadar Kalifoniya ta Amurka. William Krisel ne ya zana gidajen, masu bangon gilashi da tafkin ninkaya. Ba don na'urar sanyaya ɗaki ba, da zama cikinsu da bazara ya gagara.

Amma masu yi wa garin girki da shara, akasarinsu baƙar fata da 'yan asalin Meziko, a Yanki na 14 suke zaune, watau ƙasar ƙabilar Agua Caliente. Cikin shekarun 1950 da 1960 aka tashe su, aka rushe gidajensu, aka cinna wa wasu wuta. Sai a 2024 majalisar garin ta amince da biyan diyyar dala miliyan 5.9.