Ƙarin ilimi a bakin aiki ga manyan ma'aikatan jinya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Amurka

Ƙarin ilimi a bakin aiki shi ne karatun da ake wajabta wa ma'aikacin lafiya ya ci gaba da yi bayan ya gama makaranta ya kama aiki, domin a sabunta masa lasisi da takardar shaidar ƙwarewa. A ƙasar Amurka wannan sharaɗi ya fi tsauri a kan manyan ma'aikatan jinya na fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, wato nas-nas ɗin da suka yi digiri na biyu ko na dakta a wannan fanni. Doka ta ba su damar duba mara lafiya, su gano ciwonsa, su yi masa magani ta hanyar zantawa, su kuma rubuta masa magani. Wannan dama ta rubuta magani ce ta sa ba a barinsu su tsaya kan abin da suka koya a makaranta, saboda ƙa'idojin magungunan ƙwaƙwalwa ba sa daɗewa ba su sauya ba.

Tarihi

Bayan yaƙin duniya na biyu, a shekarar 1946, Amurka ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta ware kuɗi don horar da likitoci da masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jinya. A 1952 Hildegard Peplau ta wallafa littafinta kan hulɗar nas da mara lafiya, inda ta nuna cewa zaman da nas ke yi da majinyaci da sauraronsa shi kansa magani ne. A 1954 ta buɗe karatun digiri na biyu a Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey domin yaye ƙwararrun nas-nas na asibitin taɓin hankali, kuma shi ne irinsa na farko. Daga baya ta riƙa zagaya asibitocin jihohi a lokacin hutun bazara tana koyar da ma'aikatan da ke bakin aiki dabarun tattaunawa da majinyata. Ana iya cewa daga nan wannan al'ada ta samo tushe a fannin.

A wannan shekara ta 1954 ne kuma maganin kulofuromazin ya shiga kasuwar Amurka, abin da ya sauya yadda ake jinyar masu taɓin hankali. Dokar da shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1963 ta karkata jinya daga manyan asibitoci zuwa cibiyoyi na cikin gari. A 1965 Loretta Ford da Henry Silver suka fara horar da nas masu duba marasa lafiya da kansu a Jami'ar Colorado. Sannu a hankali aikin ƙwararren nas na ƙwaƙwalwa ya tashi daga zantawa zalla ya haɗa da rubuta magani. A 2008 ƙungiyoyin jinya suka amince da tsari guda na lasisi da horo da jarrabawa ga dukan manyan ma'aikatan jinya, wanda ya sa ake horar da nas na ƙwaƙwalwa kan kowane rukuni na shekaru, daga yara har tsofaffi.

Ƙa'idojin sabuntawa

Hukuma fiye da ɗaya ce ke sa ido a kan ma'aikacin, kuma kowacce da nata lissafin. Ta farko ita ce cibiyar da ke ba da takardar shaidar ƙwarewa. Wadda ta fi daɗewa a wannan fanni ita ce ANCC, reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka. Takardarta tana aiki na shekara 5. Kafin a sabunta ta, dole mutum ya nuna shaidar awa 75 na ƙarin karatu, kuma awa 25 daga ciki su kasance kan ilimin magunguna. Bayan wannan sai ya cika aƙalla ɗaya daga cikin wasu sharuɗɗa, kamar yin kwas a jami'a, gabatar da lacca, wallafa bincike, horar da ɗalibai a asibiti na awa 120, yin aikin jinya na awa 1,000 a fanninsa, ko sake zama jarrabawa. Awa ɗaya a wannan lissafi minti 60 ne na karatu a shirin da aka tantance.

Ta biyu ita ce hukumar jinya ta jihar da mutum yake aiki, wadda ke riƙe da lasisinsa. A nan babu tsari guda. Jihar Kalifoniya tana neman awa 30 duk shekara biyu. Texas tana neman awa 20 duk shekara biyu, da ƙarin awoyi kan magunguna ga mai izinin rubuta magani. Jihar Washington ta wajabta horo kan gano wanda ke cikin haɗarin kashe kansa da yadda za a taimake shi. Wanda ke duba marasa lafiya ta bidiyo a jihohi uku ko huɗu yakan tarar da kansa da lasisi uku ko huɗu, kowane da ranar ƙarewarsa da darussan da yake buƙata. Galibi ba a karɓar takardun a lokacin sabuntawa. Mutum yakan sa hannu ne cewa ya cika sharaɗi, hukumar kuma ta zaɓi wasu ta bincika, shi ya sa ake ajiye shaidar kowane kwas na tsawon shekaru.

Ta uku ita ce hukumar DEA ta gwamnatin tarayya, wadda ke yi wa masu rubuta magungunan da ake taƙaita amfani da su rajista. Abin da ya faru da maganin bufurenofin, wanda ake ba wa masu fama da shaye-shayen ƙwayoyi dangin ofiyom, ya nuna yadda sharaɗin karatu ke tasiri a kan wanda zai samu magani. Tun farko likitoci kaɗai ke rubuta shi, bayan horon awa 8 da izini na musamman. Wata doka ta 2016 ta buɗe wa manyan nas-nas ƙofa, amma da horon awa 24. Masu suka sun daɗe suna cewa wannan izini na musamman yana rage yawan masu ba da maganin alhali mutane na mutuwa. A watan Disamba na 2022 aka soke shi. A madadinsa, daga 27 ga watan Yuni na 2023, kowane mai yin rajista ko sabunta ta da DEA sai ya yi horon awa 8, sau ɗaya, kan jinyar masu shaye-shaye.

Abin da ake karantawa

Darussa da dama sun ta'allaƙa ne a kan magunguna, kuma akwai dalili. Wanda ya gama karatu a 2003 ya kama aiki kafin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi mafi tsauri a kan magungunan ciwon damuwa a 2004, cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa. A 2007 aka faɗaɗa gargaɗin har zuwa masu shekara 24. A 2005 irin wannan gargaɗi ya fito game da ba wa tsofaffi masu ciwon mantuwa sababbin magungunan taɓin hankali, saboda suna ƙara haɗarin mutuwa. A 2011 aka rage iyakar maganin sitalofuram zuwa miligiram 40 a rana saboda illarsa ga bugun zuciya. Duk waɗannan magunguna ne da ake rubutawa kullum, kuma wanda labarin bai kai gare shi ba zai ci gaba da rubutawa yadda ya saba.

Sababbin magunguna ma suna zuwa da nasu ƙa'idojin. Esketamin, wanda aka amince da shi a 2019 domin ciwon damuwar da ya ƙi jin magani, ana shaƙa shi ne ta hanci a asibiti, a kuma zauna ƙarƙashin kulawa na aƙalla awa biyu. A 2023 aka amince da zuranolon, ƙwayar sha ta farko da aka keɓe wa ciwon damuwar da ke kama mata bayan haihuwa. A 2024 aka amince da wani sabon maganin sikizofreniya da ke aiki ta hanyar da ta bambanta da ta magungunan da aka sani. Tsofaffin magunguna kuwa ba su daina neman kulawa ba: mai shan litiyom ana auna masa jini da ƙoda da maƙoshi, mai shan kulozafin ana bin adadin fararen ƙwayoyin jininsa, sannan balfurowet yana iya nakasa ɗan tayi.

Littafin da ake dogaro da shi wajen gano cututtukan ƙwaƙwalwa, DSM, shi ma yana sauyawa. Bugu na biyar ya fito a 2013, gyararrensa kuma a 2022, inda aka ƙara ciwon jimamin rashi da ya ƙi wucewa. Sauran darussan sun haɗa da dabarun zantawa, jinyar wanda ya ga tashin hankali, dokokin tsare mara lafiya ba da son ransa ba, da duba majinyaci ta bidiyo, wanda ya yaɗu sosai tun annobar korona ta 2020.

Inda ake samun karatun

Ƙungiyar ma'aikatan jinya na ƙwaƙwalwa ta Amurka, APNA, wadda aka kafa a 1986, tana shirya babban taro duk shekara da wani taron na musamman kan magunguna, tana kuma da darussa a intanet. Jami'o'i da asibitoci da mujallun ilimi su ma suna ba da awoyin da ake lissafawa. Akwai kuma tsarin ECHO da aka faro a Jami'ar New Mexico a 2003 kan ciwon hanta, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa lafiyar ƙwaƙwalwa. A cikinsa ma'aikatan da ke karkara sukan haɗu da ƙwararru ta bidiyo, su gabatar da matsalar majinyaci ba tare da ambaton sunansa ba, a tattauna. Wannan yana da amfani ga nas ɗin da shi kaɗai ne mai rubuta maganin ƙwaƙwalwa a yankinsa, wanda ba shi da abokin aikin da zai tambaya.

Suka

Babban ƙorafin da ake yi shi ne tsarin yana ƙirga lokacin da aka zauna ne, ba abin da aka iya ba. Mutum zai iya kunna bidiyo, ya amsa tambayoyi kaɗan masu sauƙi, ya sauke takardarsa. Binciken da aka yi a fannin ilimin ma'aikatan lafiya ya nuna lacca zalla ba ta cika sauya yadda ake aiki ba, an fi samun sauyi idan an haɗa ta da tattaunawa da gwaji. Wani rahoto da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 2009 ya soki yadda ake tafiyar da wannan karatu da yadda ake biyan kuɗinsa. Kamfanonin magani sun daɗe suna ɗaukar nauyin tarurruka, don haka ƙa'idar yanzu ta hana su zaɓar abin da za a koyar, ta kuma tilasta wa mai lacca ya bayyana duk wata alaƙar kuɗi da ke tsakaninsa da su.

Akwai kuma ƙorafi daga cikin gida. An keɓe wa magunguna awa 25, amma ba a keɓe wa zantawa da majinyaci ko awa ɗaya ba, alhali a kanta Peplau ta gina fannin. Wasu malaman jinya suna ganin wannan, tare da gajeren lokacin da ake ba wa kowane majinyaci, yana mayar da ƙwararren nas mai rubuta magani kawai.

Birtaniya ta bi wata hanya dabam. Tun 2016 hukumar jinya da ungozoma ta ƙasar take neman kowane nas, duk shekara uku, ya nuna awa 450 na aiki da awa 35 na karatu, 20 daga ciki tare da wasu mutane. Sai kuma ya rubuta bayani guda biyar kan abin da ya koya daga aikinsa, ya zauna da wani nas mai rajista su tattauna su kafin a sabunta masa rajista.