Rawani da Inuwar Bishiya: Darasi Daga Tarihin Dutse

Sau da yawa akan ɗauka cewa kare muhalli kira ne na 'yan boko masu neman sauyi, su kuwa masu riƙon gargajiya babu ruwansu. Tarihin ƙasar Dutse bai goyi bayan wannan zato ba.

Tun kafin zuwan Turawa, manomin wannan yanki ba ya sare gawo a gonarsa, domin ya san ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi a lokacin rani. Kuka da ɗorawa da tsamiya kuwa dukiya ce da ake gado. Malamai sun koyar da cewa dasa itace sadaka ce mai gudana, hakimai da dagatai kuma suna tsawata wa mai ɓarnar daji. Sai fari na 1973 ya zo ya halaka dabbobi, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna. Da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, jama'a suka ƙaru, buƙatar itacen girki da filayen gini ta ƙaru, gatari ya samu sake.

A wannan hali ne Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi ya gaji mahaifinsa a sarautar Dutse a 1995. Shi mai tsaron al'ada ne da addini, wanda ya yi fice wajen tsara tattara zakka a masarautarsa. Duk da haka ya shahara da dashen itatuwa da jan hankali kan sauyin yanayi, ya kuma kafa filin wasan golf na Dutse, wanda ya zama dausayi mai bishiyoyi da tsuntsaye. Bai ga saɓani tsakanin rawani da shuka ba har rasuwarsa a Janairun 2023. Haka ma a Ingila, Margaret Thatcher, jagorar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ta gargaɗi Majalisar Ɗinkin Duniya kan ɗumamar yanayi tun 1989.

Yau Jigawa na tsakanin hamada daga arewa da ambaliya irin ta 2022. Tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ya ratsa, amma dashen gwamnati kan bushe idan babu mai ban ruwa. Mai unguwa da liman da dagaci su ne talaka ke jin maganarsu. Duk wanda ke alfahari da gadon kakanni, to ya tuna gawon da suka bari a gona yana cikin gadon.