Tabarau mai hawa-hawa da harbin bindiga: Abin da ya kamata a sani

Daga kimanin shekara 40 da haihuwa, madubin da ke cikin idon ɗan Adam yakan fara taurara, ganin abin da ke kusa ya riƙa yin wuya. Wannan ne ke sa likitocin ido rubuta tabarau mai hawa-hawa, wanda samansa ke nuna nesa, ƙasansa kuma ke nuna kusa. Ana danganta ƙirƙirar mai hawa biyu ga Benjamin Franklin na Amurka a ƙarni na 18. Wanda ƙarfinsa ke sauyawa a hankali ba tare da layi a tsakiya ba kuwa ya shiga kasuwa a Faransa a 1959 da sunan Varilux.

Tabaran yana da amfani wajen karatu da tuƙi, amma yakan zama cikas ga mai riƙe da doguwar bindiga. Mai harbi yana jera abubuwa uku a layi ɗaya: tsagar saiti da ke kusa da ido, ɗan tsinken saiti da ke bakin bindiga, da abin da ake hari. Ido ba ya iya ganin ukun tangararan lokaci guda, shi ya sa masu koyar da harbi ke cewa a kafa ido a kan tsinken gaba, wanda bai kai mita ɗaya daga fuska ba.

Matsalar tana tasowa ne idan mai harbi ya kwantar da kuncinsa a gindin bindiga. Kansa yakan sunkuya, sai ya koma leƙe ta kusurwar sama ta gilashin, daf da hanci. Wannan gefen na ganin nesa ne, kuma yakan ɗan karkatar da siffar abu. Tsinken sai ya yi dishi-dishi. Idan ya ɗaga haɓa don neman sashen kusa, kuncin ya bar mazauninsa, saitin ya goce.

Akwai mafita. Likitan ido na iya yanka gilashi mai ƙarfi ɗaya wanda aka auna daidai nisan tsinken, ko ya mayar da sashen kusa zuwa sama. Saiti mai ƙaramar huda yana ƙara wa gani kaifi, madubin hange da ake ɗaurawa a kan bindiga kuma yana da zoben da ake murɗawa ya dace da idon mai shi. Masu gasar harbi a wasannin Olamfik, inda tsakiyar abin harin mita 10 ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, suna sa tabarau na musamman da ake matsar da gilashinsa ya daidaita da layin saiti.

A Najeriya batun ya wuce wasa. Bindigar AK-47 da ke hannun 'yan sanda da yawa tana amfani ne da tsaga da tsinke, kuma jami'i kan yi ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko bayan shekara 35 yana aiki. Ke nan zai iya shafe kusan shekara 20 yana ɗauke da makami bayan ganinsa na kusa ya fara raguwa. Gwajin idon mai riƙe da bindiga a cikin jama'a, da irin tabaran da yake sawa, na daga cikin abubuwan da ke hana harsashi faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba.