Adabin Ingilishi a Babbar Sakandare: Abin da Manhaja Ke Nema Daga Ɗalibin Cikin Birnin Kano

Daga jarrabawar 2026, Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, ta sauya jerin littattafan darasin Adabin Ingilishi, kuma sabon jerin zai ci gaba da aiki har zuwa 2030. Sauyin ya shafi duk wani ɗalibi na ɓangaren da ake kira Art da ya zaɓi wannan darasi, ko ɗan Yakasai ne, ko ɗan Mandawari, ko 'yar Ƙoƙi. Ya fi shafar masu burin karanta aikin lauya, domin akasarin jami'o'in Najeriya ba sa ɗaukar ɗalibi a wannan fanni sai yana da kiredit a darasin, kuma yana cikin darussan da hukumar JAMB ke nema a jarrabawar shiga jami'a ga masu neman fannin.

Ana yawan rikita shi da darasin Turanci na dole. Abubuwa biyu ne daban. Turanci kowa ke yin sa, kuma nahawu da rubutun wasiƙa da fahimtar karatu ake aunawa. Haka nan littafin labari guda ɗaya da JAMB ke ɗora wa kowane mai neman jami'a, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli ko The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba, ba ya cikin wannan darasi. Adabin Ingilishi zaɓi ne, ana fara shi daga aji ɗaya na babbar sakandare, a kammala a aji uku.

Yadda jarrabawar take

Takardu uku ake rubutawa. Ta farko tambayoyi 50 ce na zaɓen amsa, a cikin awa ɗaya, maki 50. Ashirin daga ciki kan sanin ƙa'idojin adabi ne gaba ɗaya, biyar kan wani guntun zube da ɗalibi bai taɓa gani ba, biyar kan wata waƙa ita ma baƙuwa, ragowar ashirin kuma kan wasan Shakespeare da aka ayyana. A nan za a yanko magana daga wasan a tambayi wa ya faɗe ta, ga wa, a ina, kuma me ya biyo baya.

Takarda ta biyu ta zube ce: tambaya ɗaya kan littafin marubucin Afirka, ɗaya kan na marubucin waje, a cikin awa ɗaya da minti 15, maki 50. Ta uku ita ce mafi nauyi, awa biyu da rabi, maki 100, amsoshi huɗu: wasan kwaikwayo na Afirka, na waje, waƙar Afirka, waƙar waje. Ke nan kashi uku cikin huɗu na makin zauren jarrabawa daga rubutu mai tsawo yake fitowa, wanda ɗalibi zai tsara da kansa da Turancinsa. Sakamako kan fito daga A1 zuwa F9, kuma C6 shi ne matakin ƙarshe na kiredit.

A tsarin WAEC, gwaje-gwajen cikin aji da makaranta ke tattarawa suna ɗauke da kashi 30 cikin ɗari na sakamakon ƙarshe, jarrabawar hukuma kuma kashi 70. Saboda haka jingar da malami ya bayar a aji ɗaya ko aji biyu ba ta wucewa a banza. Satar amsa kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1999, wadda ta tanadi tara ko ɗauri, ban da ikon da hukumar ke da shi na riƙe sakamako ko soke shi. Hukumar NECO, da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, tana da nata tsarin takardun, amma abin da ake aunawa kusan ɗaya ne.

A Kano akwai ƙarin mataki guda. Ɗaliban aji biyu na makarantun gwamnati suna rubuta jarrabawar tantancewa ta jiha, wadda da ita ake fitar da waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Sharuɗɗan kan sauya daga shekara zuwa shekara, kuma ga gidaje da yawa na cikin birni wannan tantancewar ce ke yanke ko yaro zai zauna jarrabawar ƙarshe a shekararsa ko zai jira.

Littattafan da ke gaba

Wasan Shakespeare na wannan zango shi ne Antony and Cleopatra, wanda ya maye gurbin A Midsummer Night's Dream na 2021 zuwa 2025. A zuben Afirka akwai So the Path Does Not Die na Pede Hollist ɗan Saliyo, da Redemption Road na Elma Shaw 'yar Laberiya. A zuben waje akwai To Kill a Mockingbird na Harper Lee da Path of Lucas na Susanne Bellefeuille. Wasannin Afirka su ne Once Upon an Elephant na Bosede Ademilua-Afolayan da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland ta Ghana. Na waje kuma An Inspector Calls na J. B. Priestley da A Man for All Seasons na Robert Bolt. A kowane rukuni makaranta na iya tsayawa kan littafi ɗaya, tun da tambaya ɗaya ake amsawa. Waƙoƙi kuwa goma sha biyu ne, shida na Afirka shida na waje, kuma babu wadda za a iya tsallakewa da kwanciyar hankali, domin ba a san wadda za ta fito ba. Cikinsu akwai na Gabriel Okara, Wole Soyinka, Niyi Osundare, Seamus Heaney da Maya Angelou.

Wanda ya duba jerin da idon basira zai ga cewa mafi yawansa magana ce kan mulki da shari'a da lamiri. A Man for All Seasons labarin Thomas More ne, babban jami'in Sarkin Ingila Henry na Takwas, wanda ya ƙi yin rantsuwar goyon bayan sarki a kan batun sakin matarsa da shugabancin coci, har aka fille masa kai a 1535. To Kill a Mockingbird, da ya fito a 1960, yana bin lauya Atticus Finch yayin da yake kare wani baƙar fata da aka yi wa ƙazafin fyaɗe a kudancin Amurka, a gaban masu yanke hukunci da suka riga suka yanke nasu tun kafin a zauna. An Inspector Calls yana tuhumar iyalin wani attajiri ɗaya bayan ɗaya kan mutuwar wata yarinya 'yar ƙwadago. Waƙar Osundare mai suna Not My Business tana magana da muryar mutumin da ya kau da kai lokacin da ake kwashe maƙwabtansa, har ranar da aka zo kansa. Once Upon an Elephant kuwa kan wanda ya haye gadon sarauta ta hanyar maƙarƙashiya da sayen masu zaɓen sarki ne. Ɗalibin da ya girma yana jin muhawarar gadon sarauta a kowace majalisa ta unguwa ba sai an yi masa dogon sharhi kan abin da ke cikin irin wannan wasa ba.

Akwai kuma gibin da ya kamata a faɗa. A jerin da ya ƙare a 2025 da wanda ya fara a 2026, babu marubuci ko ɗaya daga Arewacin Najeriya. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne jarrabawar ta ƙasashe biyar ce, Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, dole a raba gurabe. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai isa ba, ganin cewa The Stillborn na Zaynab Alkali yana nan tun 1984, kuma Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016. Yaro zai yi shekara uku yana nazarin adabi da Turanci ba tare da ya haɗu da garin da ya yi kama da nasa a shafi ba.

Abin da mai duba takarda ke nema

Babban abin da ke kayar da ɗalibai shi ne ba da labari a maimakon amsa tambaya. Idan aka ce a tattauna rawar da wani tauraro ya taka wajen fito da jigon cin amana, ba a nemi a zayyano littafin daga farko zuwa ƙarshe ba. An nemi ɗalibi ya ɗauki matsayi, ya kawo hujjoji uku ko huɗu daga abin da ya faru a littafin, ya nuna yadda kowacce ta ɗaure da tambayar. Kusan irin aikin lauya ne a gaban alƙali, kuma watakila shi ya sa tsangayoyin shari'a suka riƙe darasin a matsayin sharaɗi.

Wannan ba ya samuwa daga ƙananan littattafan taƙaitawa da suka cika shagunan Sabon Gari. Suna da amfaninsu wajen bita, amma inda suka zama su ne littafin, ɗalibi kan shiga zaure da haddar ra'ayin wani, da zarar an juya tambaya kaɗan sai ya rasa madafa. Dalilin dogaro da su ba lalaci ba ne kawai. Littattafai biyar da waƙoƙi goma sha biyu kuɗi ne, a gidan da ke da 'ya'ya da yawa a makaranta, kuma aji mai cunkoso ba ya barin malami ya duba rubutun kowa duk mako. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, kuma hanya mafi sauƙi ta auna tasirinta a wannan darasi ita ce a shiga aji a ƙirga kwafi nawa na ainihin littafin ke hannun ɗalibai.

Sai batun harshe. Yaron cikin birni da Hausa yake tunani, da ita yake ciniki, sau da yawa da ita ma ake yi masa bayanin darasin Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a firamare, sannan a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, ɗalibin da ke aji uku yau da Turancin Shakespeare na farkon ƙarni na 17 zai yi kokawa, wanda ko yaran Landan sai da sharhi suke gane shi.

Jarin da ɗan birni ke da shi

Ba daga sifili ɗalibin cikin badala yake farawa ba, ko da yake ba kasafai ake gaya masa haka ba. Birnin ya daɗe da nazarin matani kafin Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, wajen ganuwa, a 1909. Makarantar SAS ta koyon Larabci ta faro ne a 1934 a matsayin makarantar horar da alƙalai. Yaron da ya tashi yana jin ana rera Ishiriniya a zaure, ko ana karanta Infiraji na Aliyu Namangi, kunnensa ya riga ya san kari da amsa-amo. Wanda ke ɗaukar darasin Hausa ya riga ya san jigo, salo, zubi da tsari, kamance, siffantawa, mutuntarwa da kambamawa. Tambayoyi ashirin na farkon takarda ta ɗaya galibi waɗannan abubuwa ne da sunayensu na Turanci. Malamin da ya jera kalmomin harsunan biyu gefe da gefe a kan allo ya rage wa ɗalibansa rabin wahala.

Haka abin yake a cikin littattafan kansu. Ananse na wasan Sutherland, uban da ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa guda yana karɓar kyautar kowannensu, ɗan'uwan Gizo ne na tatsuniya. Labarin zakara da dila na Chaucer da ke cikin waƙoƙin waje, inda daɗin baki ya kusa halaka zakara, kowace kaka a Ƙofar Mata za ta gane shi. Shakespeare ma ba baƙo ba ne ga Hausa: Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu tun 1971.

Akwai iyaye da malamai da ke ɗari-ɗari da wasu littattafan, kuma Kano na da tarihi a nan. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya na Hausa da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata, a 2023 kuma gwamnatin jiha ta haramta wasu littattafan ƙananan makarantu, ciki har da Queen Primer, bisa hujjar kare tarbiyya. Sabon jerin bai rasa abin da zai tayar da irin wannan magana ba: So the Path Does Not Die ya taɓo kaciyar mata, To Kill a Mockingbird ya ginu a kan shari'ar fyaɗe, soyayyar Antony da Cleopatra kuma ba ta aure ba ce. Jiha ba ta da ikon sauya jerin WAEC. Abin da makaranta ke da shi shi ne zaɓi tsakanin littattafai biyu a kowane rukuni na zube da wasa, ban da Shakespeare, wanda ke kan kowa.