Wace Hujja Abokin Aiki Zai Saurara?

A ƙidayar jama'a ta 2021, kashi 46.2 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, kashi 37.2 kuma suka ce ba su da addini. Ke nan Kiristan da ke aiki a asibiti ko banki a Landan yana shan shayin rana ne da mutanen da Littafi Mai Tsarki ba hujja ba ne a wurinsu. Idan hira ta gangaro kan zaman daduro ko kallon batsa a waya, jawo aya ba ya raba gardama, domin wanda ake karanta wa bai yarda da alƙalin ba tun farko. Abin da ya kamaci Kirista a nan shi ne ya bayyana dalilinsa, ya bar yanke hukunci.

Wannan ba sassauci ba ne na zamani. A babi na 5 na wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, Bulus ya tsawata wa ikilisiya kan wani da ya ɗauki matar ubansa, amma a wuri guda ya ce hukunta na waje ba aikinsa ba ne, bai kuma hana cuɗanya da su ba. Haka nan Matiyu 5:28, inda Yesu ya lissafa kallon sha'awa cikin zina, ta fi tuhumar mai karanta ta fiye da maƙwabcinsa, tunda babu mai ganin zuciyar wani. Illar da ayar ke nunawa kuwa, wato mayar da mutum kayan biyan buƙata, marar addini ma ya san ta. Masanin falsafa Kant ya yi maganarta, masaniyar falsafa Martha Nussbaum ta warware ta a maƙalarta ta 1995, kuma a kan wannan illar Karol Wojtyła ya gina littafinsa na 1960 kan soyayya, tun kafin ya zama Fafaroma. Ma'aikaciyar da ta taɓa jin idon shugabanta yana bin jikinta a ɗakin taro ba ta buƙatar tafsiri.

Za a ce wannan gauraya nono da ruwa ne, domin Kirista yana ƙin fasikanci ne saboda Allah, ba saboda Kant ba. Gaskiya ne, kuma ɓoye hakan yaudara ce. Amma inda aka fara hira ba nan take ƙarewa ba. Abokin aikin zai ce yardar baligai biyu ta wadatar. Kirista zai ce yarda wajibi ce amma ba ta isa ba, domin mutum kan yarda da abin da ke cutar da shi, jiki kuma yana ɗaukar alkawarin da baki bai furta ba. A nan ne saɓanin yake, kuma sai an iso nan ambaton Allah ke zama amsar tambayar da abokin aikin ya yi da bakinsa.