Tashar Lantarki a Sama: Mafarkin 1968 da Har Yau Bai Tabbata ba

Duk sanda aka harba wata ƙatuwar roka, sai ka ji ana cewa an kusa fara aiko mana da wutar lantarki daga sararin samaniya. To wannan zance fa ya girmi yawancinmu.

A 1968 wani injiniya a Amurka, Peter Glaser, ya kawo shawara: a kai farantan sola sama, nisan kilomita 36,000, inda babu hadari kuma kusan babu dare, su tara hasken rana su turo shi ƙasa ta igiyoyin maikirowef. Da rikicin man fetur na 1973 ya girgiza Amurka, sai gwamnati ta ɗauki abin da gaske. A ƙarshen shekarun 1970 hukumar NASA da ma'aikatar makamashi suka zana tsari: taurarin ɗan'adam 60, kowanne tsawonsa kusan kilomita 10, faɗinsa 5. Ku tsaya ku auna wannan, gari guda ne fa a rataye a sama.

Amma da me za a kai kayan? Nan gizo ke saƙar. Lissafin gaba ɗaya ya jingina ne a kan cewa zuwa sama zai yi araha. Kumbon Space Shuttle, wanda aka yi alkawarin zai riƙa tashi kusan duk mako, mafi yawan abin da ya taɓa yi a shekara guda shi ne tashi 9, a 1985. Daga 1981 zuwa 2011 sau 135 ya tashi, kowane tashi ya ci sama da dala biliyan 1, biyu daga cikin kumbunan kuma suka tarwatse da mutane 14. Tun a 1981 ma kwamitin masana da ya duba tsarin tashoshin ya ƙiyasta kuɗinsa a kusan dala tiriliyan 3. Aka naɗe takardun aka ajiye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ke faruwa a ƙasa a daidai lokacin, ba tare da hayaniya ba. A 1977 wat ɗaya na sola ya haura dala 70. Jamus ta zo ta zuba tallafi daga shekarar 2000, masana'antun Sin suka shiga ƙerawa ba ƙaƙƙautawa, yau wat ɗin bai kai rabin dala ba. Shi ya sa mai cajin waya a Kano ke iya ɗora faranti a rufin shagonsa.

Ba wai na ce rokoki ba su ci gaba ba, SpaceX ta karya farashin harbawa sosai, kuma a 2023 jami'ar Caltech ta turo ɗan ƙaramin makamashi daga sama har aka gano shi a ƙasa. Sai dai a farkon 2024 NASA da kanta ta sake buga lissafi, ta ce wutar sama za ta ninka ta sola da iska na ƙasa tsada sau 12 zuwa 80.